Chappal Waddi, Dutse Mafi Tsayi a Najeriya

Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya. Ƙololuwarsa ta kai mita 2,419 daga saman teku. Yana Jihar Taraba, can kudancin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, daidai kan iyakar Najeriya da Kamaru, a cikin jerin duwatsun Gotel da ke arewa maso gabas da tsaunin Mambila. Kwalta ba ta isa gindinsa ba, kuma babu gari a kansa. Mai son kaiwa ƙololuwa sai ya taka da ƙafarsa. Darajar dutsen ta wuce tsayi: a jikinsa akwai ragowar kurmin tsauni irin wanda ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar, kuma daga kwarurrukan yankinsa ne ƙoramu da dama da ke ciyar da Kogin Taraba suke tasowa.

Suna da matsayi

Rabin farko na sunan Fulatanci ne. Caɓɓal shi ne tudu mai faɗin kai inda shanu ke kiwo, shi ya sa ake samun kalmar a sunayen maƙwabtansa, irin su Chappal Hendu da Chappal Shirgu da Chappal Delam a Najeriya, da Tchabal Mbabo a Kamaru, inda aka rubuta ta da ƙa'idar Faransanci. Sunan Gangirwal kuwa, littattafan yawon buɗe ido kan fassara shi da "dutsen mutuwa".

Waɗanda suka yi makaranta da daɗewa za su iya tuna cewa an koya musu wani suna dabam. Tsofaffin littattafan labarin ƙasa sun riƙa ba da Dimlang, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan Vogel, a matsayin dutse mafi tsayi a Najeriya. Dimlang yana cikin duwatsun Shebshi, tsayinsa mita 2,042, wato Chappal Waddi ya ɗara shi da mita 377. Duwatsun Shere da ke gefen Jos, waɗanda suka fi kowane tsayi a Filato, mita 1,829 ne.

Sau da yawa akan ce shi ne mafi tsayi a Afirka ta Yamma baki ɗaya. Maganar tana da sharaɗi. Ta tabbata idan an sa Kamaru da Cadi a Afirka ta Tsakiya, kamar yadda aka saba, aka kuma ware tsibiran teku. Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000, Emi Koussi na Cadi mita 3,415 ne, dutsen Fogo na tsibiran Kef Bade kuma mita 2,829. Amma a kan tudun Afirka ta Yamma babu wanda ya kamo shi: Idukal-n-Tagas na duwatsun Bagzan a ƙasar Abzin ta Nijar mita 2,022 ne, Bintumani na Saliyo mita 1,945.

Yadda ya zama na Najeriya

Ranar 1 ga Oktoba 1960, da Najeriya ta karɓi mulkin kai, wannan dutse ba ya cikinta. Tarihin hakan ya faro tun ƙarni na 19. Bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809, daular Fombina ta yi ta faɗaɗa kudu, har ƙasashen Gashaka da Banyo suka zama masarautu a ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa. Yaƙe-yaƙe da farautar bayi na wancan ƙarni sun watsa al'ummomi da dama na yankin. Idan aka haɗa da ƙudan tsando da ke kashe shanu a kwari, da ƙudan bakin kogi da ke jawo makanta, za a gane abin da ya sa ƙasa mai ruwa da ni'ima haka ta zauna da mutane ƙalilan, har dajin ya samu ya rayu zuwa zamaninmu.

Da Turawa suka zo rabon ƙasa, yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar Yola a hannun Ingila, mafi yawan ƙasar Adamawa kuwa ta faɗa wa Jamus. Gashaka da Mambila suna cikin rabon Jamusawa, kuma har yau akwai kufan ganuwarsu ta duwatsu a kan tudun da ke kallon ƙauyen Gashaka. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Ingila da na Faransa suka kori Jamusawa daga Kamaru. An gwabza a dutsen Banyo cikin Nuwamba 1915, yaƙin kuma ya ƙare a can a farkon 1916. A 1919 ƙasashen biyu suka raba ganimar. Wani siririn yanki mai bin iyakar Najeriya ya koma riƙon Ingila, da farko a ƙarƙashin Ƙungiyar Al'ummai daga 1922, daga baya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1946. A wannan sashe, masu shata iyaka sun bi ƙashin bayan duwatsu, inda ruwan sama ke rabuwa gida biyu. Wannan ne dalilin da ya sa iyaka ta hau kan Chappal Waddi.

A Nuwamba 1959 aka fara tambayar mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila ra'ayinsu, suka zaɓi a jinkirta maganar. Aka sake kaɗa ƙuri'a a Fabrairu 1961: mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shiga Jihar Arewa da sunan Lardin Sardauna, don girmama Sa Ahmadu Bello, wanda ya tsaya tsayin daka wajen neman ƙuri'ar. Daga nan dutsen ya bi sauye-sauyen jihohi: Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Taraba ranar 27 ga Agusta 1991. Hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoba 2002, wanda aka fi tunawa da shi saboda Bakasi, ya shafi iyakar ƙasa tun daga Tafkin Cadi har teku, kuma a wannan yanki ya dogara ne da tsofaffin takardun Ingila da Faransa.

Ƙasa da yanayi

Chappal Waddi ɗaya ne daga cikin tuddan da masana ke kira layin duwatsu masu aman wuta na Kamaru. Layin ya taso daga tsibiran Tekun Gini, ya bi ta Dutsen Kamaru da tuddan Bamenda, ya miƙe zuwa tudun Adamawa. Gindin yankin tsohon dutse ne mai tauri, irin giranit, wanda ƙarfin cikin ƙasa ya ɗaga sama, a wurare da dama kuma baƙin dutsen da ya taɓa malalowa a narke ya rufe shi. Shi kansa Chappal Waddi ba ya aman wuta. Siffarsa ma ba ta tsini ɗaya tilo ba ce. Doguwar kafaɗa ce ta tuddai masu ciyawa, ɗaya na bin ɗaya, waɗanda kwazazzabai masu zurfi suka tsattsaga, gefen da ke kallon kwarin Gashaka kuma gangare ne mai tsananin tsayi.

Damina na kamawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba ko farkon Nuwamba. Iskar da ke ɗauko laima daga Tekun Atilantika idan ta ci karo da duwatsun sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. A tashar bincike ta Kwano, da ke cikin kurmin ƙasa-ƙasa, ruwan shekara yakan kusa milimita 2,000, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu. A saman dutsen, ko ranar da ba a yi ruwa ba gajimare kan sauko ya lulluɓe tuddai, har mutum ya kasa hango abokin tafiyarsa da ke 'yan taku kaɗan a gabansa.

Da rani, daga Disamba zuwa Maris, hunturu ke mulki. Zafin iska kan ragu da wajen digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka ranar da Jalingo ke fama da zafi, saman Gangirwal na iya zama wurin da ba a zama babu rigar sanyi. Da dare jaura kan sauka, iska kuma ba ta da abin da zai tare ta. Iskar shaƙa ma ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Matafiyi zai ga alamar haka a numfashinsa da kuma a tukunyarsa: ruwa na tafasa a wajen digiri 92 maimakon 100, shi ya sa wake da shinkafa kan daɗe a wuta kafin su nuna.

Kurmi da ciyawa da wuta

Wanda ya taso daga kwarin Gashaka zuwa ƙololuwa zai ratsa dazuzzuka iri-iri a tafiya ɗaya. A ƙasa akwai dajin itatuwa da dogayen ciyayi irin wanda aka sani a tsakiyar Najeriya, da maje da kirya da maɗobiya, ga kurmi mai duhu yana bin bakin koguna. Sama kaɗan kurmin ya cika kwarurruka, da manyan itatuwa masu faffaɗan saiwoyi da ke tasowa daga gindi. Daga wajen mita 1,500 zuwa sama sai yanayin ya sauya. Itatuwa su gajarta, rassansu su karkace, gansakuka ta rufe kututture ta kuma rataya daga rassa tana ɗigar ruwa. Wannan shi ne kurmin tsauni. A can sama sosai kurmin ba ya shimfiɗa. Yana maƙale ne a cikin kwazazzabai da bakin ƙoramu, tsakaninsu kuma filayen ciyawa ne.

Itatuwan wannan kurmi ba dangin na kwarin da ke ƙarƙashinsu ba ne. 'Yan uwansu suna can tuddan Bamenda, da duwatsun Habasha da Kenya, har zuwa Afirka ta Kudu. Akwai Podocarpus, mai siraran ganye, wanda ba ya fure irin na sauran itatuwa. Akwai Nuxia congesta da Ilex mitis. Akwai wani nau'in malmo na tsauni. Masana na bayyana wannan dangantaka da sauyin yanayi na dubban shekaru: a zamunan da duniya ta fi sanyi irin waɗannan tsirrai sun sami hanyar bazuwa, da ɗumi ya dawo kuma suka rage a kan duwatsu masu tsayi kaɗai. Ma'anar haka a aikace ita ce, idan kurmin wani kwazazzabo ya ƙone ƙurmus, babu wani babban daji a kusa da zai aiko masa da iri.

Itacen da ya fi jawo hankalin 'yan kasuwa shi ne Prunus africana. Daga ɓawonsa ake haɗa maganin kumburin furostat, ciwon nan da ke wahalar da dattawa wajen fitsari, kuma kamfanonin magani na Turai sun daɗe suna sayensa. A Kamaru an saɓe ɓawon itatuwa masu ɗimbin yawa har suka bushe a tsaye, abin da ya taimaka aka sa itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar CITES ke sa wa cinikinsu ido tun 1995. Itacen yana jure a ɗebi ɓawo daga gefe a bar masa gefe; idan aka zagaye shi duka, ya mutu.

Mafi yawan abin da aka rubuta kan tsirran wannan dutse ya samo tushe daga aikin J. D. Chapman, jami'in gandun daji da ya zagaya kurmukan yankin da ƙafa a shekarun 1970. An buga sakamakon aikin a 2001 tare da Hazel Chapman ta Jami'ar Kantabari da ke Niyu Zilan. A 2002 ita da abokan aikinta suka koma kurmukan da aka auna shekara talatin baya, suka wallafa abin da suka gani a 2004. Kusan duk kurmukan suna nan, nau'o'in itatuwansu ba su sauya sosai ba, amma manyan namun daji sun ragu ainun, shanu kuma sun shiga inda da ba sa shiga.

A nan ne babbar matsalar dutsen take, kuma ba ta da hayaniya. Saman tuddai babu tsando, babu sammore, ga ruwa da ciyawa, don haka tun tsakiyar ƙarni na 20 Fulani makiyaya suka riƙa haurowa da garkunansu. Kowane rani akan sa wa busasshiyar ciyawa wuta domin sabon toho ya fito. Wutar kan tsaya a bakin kurmi saboda laima, amma kafin ta mutu ta riga ta babbake ƙananan itatuwan gefe. Shekara mai zuwa ciyawa ta maye gurbinsu, wuta ta ƙara matsawa ciki. Shanun da ke shiga inuwa neman ruwa su tattake 'ya'yan itatuwa, su farfasa bakin ƙorama. Inda kiwo ya yi yawa, ciyayi masu laushi kan ɓace, wata ciyawa mai tauri da masana ke kira Sporobolus, wadda ke tsirowa dunƙule-dunƙule, ta mamaye fili. Shanu ba sa ƙoshi da ita, ƙasar da ke tsakanin dunƙulen kuma ruwa na kwashe ta. Ba adalci ba ne a ɗora wa makiyayi laifin duka, domin burtali da wuraren kiwo sun ƙuntata a ƙasa, shi ya sa ya hauro. Amma asarar ta fara cin shi kafin ta ci kowa.

Ruwa

Kurmin tsauni yana aiki kamar soso. Ganye da gansakuka na tatsar laima daga gajimare, ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a ƙasa ya riƙe ruwan damina, ya riƙa sakinsa sannu a hankali har tsakiyar rani. Daga duwatsun gandun dajin ne koguna irin su Kam da Gashaka da Gamgam da Yim ke samun ruwansu, su taru su zama Kogin Taraba, wanda jihar ta ci sunansa. Taraba ya zuba a Binuwai, Binuwai ya sadu da Kwara a Lakwaja. Ruwan da ya faɗi a ɗaya gefen ƙashin bayan dutsen kuwa ya nufi Kogin Mbam, daga nan Sanaga, ya faɗa teku a Kamaru.

Masunci a Kogin Taraba da mai noman rani a fadamun Binuwai ba lalle su taɓa jin sunan Gangirwal ba, amma suna cin moriyarsa. Tudun da aka aske wa kurmi yakan saki ruwansa gaba ɗaya da damina, da laka da ambaliya, da rani kuma ƙoramarsa ta ƙafe.

Namun daji

An lissafa dabbobi masu shayarwa fiye da nau'i 100 a gandun dajin, da tsuntsaye fiye da nau'i 500. A filayen ciyawa na sama akwai gadar dutse, wadda ke tsayawa a kan tsinin kofatonta a jikin falalen dutse, da wani nau'in kwanta-rafi na tsauni wanda ba a samunsa sai a tuddan Adamawa. Ɓauna na fitowa kiwo daga kurmi. Akwai damisa, da mazo, da jan alade, da ƙaton aladen kurmi. A ƙasa, musamman ɓangaren Gumti, akwai gwanki da kanki da gwambaza, dorina kuma tana cikin gurbin Kogin Kam. Annobar bushiya ta 1983 zuwa 1984 ta kashe ɓauna da dangoginta masu yawa, kamar yadda ta yi wa shanu a faɗin Arewa. Cikin tsuntsayen tsauni akwai kabaren Bannerman, wanda duk duniya ba shi da gida sai tuddan Kamaru da na gabashin Najeriya.

Birai su ne suka fi fito da sunan wurin a idon masana. Ga gwaggon biri, ga kirka, ga jan biri, ga biri mai roro da doguwar jelarsa fara. Sama da su duka akwai cimfanzi, wanda mutanen Gashaka ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan faffaɗan saiwoyin itace da hannu da ƙafa, ƙarar ta ratsa kurmi ta kai nesa. Nau'in da ke nan, Pan troglodytes ellioti, ba a samunsa sai a Najeriya da Kamaru, kuma shi ne mafi ƙaranci cikin nau'o'in cimfanzi huɗu. Ƙiyasin da aka yi a 2011 ya nuna waɗanda suka rage a duniya tsakanin 3,500 ne da 9,000. Na Gashaka-Gumti an ƙiyasta su kusan 1,000, wato suna cikin manyan rukunonin da suka saura.

A shekarar 2000 Farfesa Volker Sommer na Kwalejin Jami'a ta Landan ya kafa shirin nazarin birai na Gashaka, mai tashoshi a Kwano da ƙauyen Gashaka, kuma gidan namun daji na Chester a Ingila ya daɗe yana tallafa masa. An tattara sakamakon shekarun farko a wani babban littafi a 2011. Daga cikin abin da aka gano, biri mai ganga na Gashaka yana gyara sanda da kansa: ya karyo reshe, ya zage ganye, ya zura shi a ramin kwarkwasa, su hau, ya sharce su ya kai baki. Yana kuma tonon zumar ƙananan ƙudan zuma marasa harbi da sanda. Gara kuwa, wadda 'yan uwansa na Tanzaniya suka shahara da kamawa da tsinke, shi bai damu da ita ba. Masana na ɗaukar irin wannan bambanci a matsayin ɗabi'ar da 'ya'ya ke koya daga iyaye. Idan rukuni ya ƙare, iliminsa ya tafi da shi.

Gandun dajin da mutanen cikinsa

Gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas ce ta fara keɓe dazuzzukan Gashaka da Gumti a 1972. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta haɗe su ta mai da su gandun daji na ƙasa a ƙarƙashin Doka ta 36, tare da Tafkin Cadi da Kuros Riba da Tsohuwar Oyo. Faɗinsa a lissafin hukuma murabba'in kilomita 6,731 ne, kusan ninki uku na Yankari, kuma babu wanda ya kai shi girma a ƙasar. Ɓangaren Gumti na arewa yana Jihar Adamawa, ya fi shimfiɗa; ɓangaren Gashaka na kudu yana Taraba, shi ne mai duwatsu. Hedikwatar tana Serti, garin da fadar Lamdo Gashaka take. Tun 1995 sunan gandun yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO domin a duba sa su cikin kayan gadon duniya.

Wani abu da ya bambanta shi da yawancin gandayen daji shi ne ba a kori kowa da kowa ba. An shata wasu yankuna a ciki, irin su Gumti da Filinga da Sabere da Chappal Hendu, inda aka yarda mazauna su ci gaba da noma da kiwo bisa sharuɗɗa. A ciki da kewayen gandun akwai Jibawa da Dakkawa da Ndoro da Tigun da Mambila da Kaka da Fulani da Hausawa, Fulatanci da Hausa kuma su ne harsunan kasuwa. Tsarin ya kauce wa zaluncin tayar da mutane daga gidajensu, kuma ya sa gandun ya sami idanu a wuraren da ma'aikata ba sa kaiwa. Rauninsa shi ne an shata iyakokin ne lokacin da mutane da shanu ba su kai yawan na yau ba.

Daga waje ma matsi na ƙaruwa. Akwai mafarauta masu kai nama kasuwa, da masu haƙar ma'adinai ba da izini ba, da garkunan da ke shigowa daga nesa da rani. A tsakiyar shekarun 2010 cinikin maɗobiya zuwa Sin, itacen da 'yan katako a Taraba ke kira madrid, ya share dazuzzuka da yawa a jihar har ya taɓo gefen gandun. An sa itacen cikin jerin CITES a 2016. Ma'aikatan gandun daji sun rasa rayukansu a bakin aiki wajen tare irin waɗannan masu kutse.

Gidauniyar kare muhalli ta NCF da ƙungiyar WWF sun tallafa wa wurin a shekarun baya. A 2017 Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar ANI, wadda 'yan Najeriya ke jagoranta, domin su gudanar da gandun tare: ɗaukar ma'aikata daga ƙauyukan yankin, horar da su, da tattaunawa da shugabannin makiyaya. Wannan ta ƙarshe ita ta fi muhimmanci ga Chappal Waddi. Sintiri na iya kama mafarauci, amma ba ya iya hana wutar da aka kunna a tudu mai nisan kwana biyu daga ofis. Lokacin sa wuta, da nisanta daga bakin kurmi, da yawan shanun da tudu zai ɗauka, abubuwa ne da sai ardo da jauro sun amince za su tabbata. Haka kuma dabba da wuta ba su san iyaka ba, shi ya sa aka daɗe ana maganar haɗa kula da Gashaka-Gumti da Tchabal Mbabo da Gandun Dajin Faro na Kamaru.

Hawan dutsen

Hanyar mota daga Jalingo ta bi ta Bali zuwa Serti. Daga nan hanya biyu ce. Doguwar ta shiga ta ƙofar Bodel, ta haye Kogin Kam zuwa ƙauyen Gashaka, sannan a kama tafiyar ƙasa ta cikin kurmi da tuddai. Takan ci mako guda ko fiye, kuma ita ce ke nuna wa mutum dajin tun daga kwari har sama. Gajeruwar ta wuce Serti zuwa Mayo Selbe, ta hau hayin Mambila mai lanƙwasa-lanƙwasa zuwa Nguroje, kusa da gonakin shayi na Kakara. Daga Nguroje a hau babur ko mota mai ƙarfi zuwa ƙauyen Njawai, inda tafiyar ƙafa ke farawa. Yawancin masu zuwa ta nan suke bi, su kwana a gindin dutse, su yi sammako su hau.

Hawan ba ya bukatar igiya ko ƙwarewar hawan dutse. Abin da yake bukata shi ne ƙarfin gwiwa da juriya, domin tudu ne bayan tudu, kuma sau da yawa wanda aka ɗauka shi ne na ƙarshe akwai wani a bayansa. Haɗarin da ya fi yawa shi ne ɓata hanya idan gajimare ya rufe, da sanyin dare ga wanda ya jiƙe, da santsin gangare. Babu asibiti a kusa, wayar hannu kuma ba abin dogaro ba ce. Da damina ƙoramu kan cika su datse hanya, tsawa kuma barazana ce a fili mai tsayi da babu mafaka. Da tsakiyar hunturu hanya ta bushe amma ƙura na rufe nesa. Mai son hango tuddan Kamaru da kwarin Gashaka sarai ya fi dacewa ya zo a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, kafin hazo ya yi kauri.

Ba a shiga gandun sai da izinin hukumarsa, kuma ba a hawa sai da ma'aikacin gandun daji a matsayin ɗan jagora. Ana samun 'yan dako a ƙauyukan da ke bakin hanya, kuɗin da suke samu kuwa yana cikin 'yan amfanin da mutanen wurin ke gani kai tsaye daga dutsen. Al'ada ce baƙo ya fara gaida jauron ƙauye kafin ya wuce. Duk wanda ya yi niyya ya tuntuɓi ofishin Serti tun kafin ya baro gida, ya tambayi halin tsaro da na hanya, ya riƙo bargo da rigar ruwa da abincin da zai ishe shi, kuma kada ya bar wutar girkinsa sai ya tabbatar ta mutu.